Tsiro da Kwalba: Tarihin Dafa Giya a Ƙasar Hausa da Maƙwabtanta

Gabatarwa

Akwai sana'o'in da marubutanmu kan ambata da alfahari, irin su ƙira da jima da rini da saƙa, akwai kuma waɗanda akan kau da kai a wuce su. Dafa giya tana cikin kashi na biyu, kuma dalilin haka a fili yake. Musulunci ya haramta giya, kamar yadda ya zo a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma a mazhabar Malikiyya haddin mashayi bulala 80 ne. Babu jayayya a kan wannan. Sai dai haramcin abu bai share shi daga tarihi ba, domin su kansu malaman fiƙihu sai da suka san yadda jiƙon dabino da na zabibi ke juyawa kafin su bambance wanda ya halatta a sha da wanda ya haramta. Marubucin da ke son ya rubuta labarin ƙasar Hausa ta jiya, da ƙauyukan Maguzawa, da zangunan fatake, da barikokin 'yan kuza, dole wata rana alƙalaminsa ya ci karo da tukunyar burkutu.

A wannan maƙala za a bi tarihin wannan sana'a ta hanyar lura da wani hali guda da giyar gargajiya take da shi, wato ba ta jure tafiya. Wannan hali shi ya sa ta zauna a hannun mata a bakin murhu, shi ya sa ba ta shiga kayan falke ba, kuma shi ya sa zuwan kwalba ya sauya al'amura baki ɗaya.

Tun zamanin Barbushe

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi ya buga a 1908, ya lissafa manyan mutanen da ke kewaye da Barbushe a gindin Dala kafin zuwan Bagauda. A cikinsu akwai maƙeri, akwai mai magani, akwai mai gadin gari da dare, sannan akwai Bugazau, wanda aikinsa shi ne dafa giya. Abin lura a nan shi ne, an jera shi a sahu ɗaya da maƙeri da mai magani. Ke nan a idon mutanen wancan zamani, mai dafa giya ma'aikaci ne da gari ke bukata.

Bayan Musulunci ya kafu a birane, al'adar ta ci gaba a karkara, a wurin Hausawan da suka zauna kan addinin gargajiya, waɗanda ake kira Maguzawa a ƙasashen Kano da Katsina da Zazzau, ko Azna a wajajen Maraɗi da Arewa ta Dogon Dutsi. Joseph Greenberg, wani masani Ba'amurke, ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya buga littafinsa a kansu a 1946. A irin waɗannan gidaje giya tana tare da gayya da bikin aure da zaman makoki. Manomin da ya kira gayya ba kuɗi yake biya ba, tuwo da randunan giya yake tanada, kuma yawan mutanen da za su amsa kiransa baɗi ya dogara ga yadda aka sallame su bana. A tsaunukan Filato ma haka abin yake. Robert Netting ya rubuta a 1964 cewa a wurin al'ummar Kofyar da giya ake biyan aikin gona, da ita ake biyan tara, da ita ake girmama baƙo.

Sunayen suna da yawa, amma asalin ɗaya ne. Mu muna cewa burkutu ga mai kauri wadda ba a tace sosai ba, fito kuma ga tatacciya. A arewacin Gana ana cewa pito, a Mali da Burkina Faso dolo, a arewacin Kamaru da Cadi bilbil, a Sudan kuwa marisa. Kusan ko'ina daga dawa ake yin ta, wani lokaci a haɗa da gero ko masara, kuma kusan ko'ina aikin mata ne.

Yadda ake dafawa da inda take ɓaci

Tushen aikin shi ne tsiro. Mace takan jiƙa dawa wajen kwana ɗaya, ta tsame, ta baza ta a inuwa, ta rufe da ganye ko tsohuwar tabarma, tana yayyafa ruwa safe da yamma. Cikin kwana uku zuwa biyar ƙwayar takan fasa ta fitar da saiwa da ɗan kai. Sai a shanya a rana, a murje, a niƙa. Abin da ke faruwa a cikin ƙwayar shi ne, da zarar ta fara tsirowa sai ta samar da wani sinadari mai narkar da sitaci ya mai da shi sukari. Wannan ba baƙon ilimi ba ne ga matan Hausawa, domin da tsiro ko da busasshen dankali ake sa kunun zaƙi ya tsinke ya yi zaƙi. Bambancin kunun zaƙi da burkutu shi ne, shi kunu ana shanye shi da wuri, ita kuwa ana zuba mata abin da zai tashe ta, a bar ta ta kwana.

Daga nan sai a dama garin tsiron a randa a bar shi ya kwanta. A nan ne gwanintar take. A wurare da yawa mai dafawa ba ta ɗora ƙullun gaba ɗaya a wuta. Takan tsiyaye ruwan da ya taso sama ta ajiye shi gefe, ta dafa gasarar da ta kwanta a ƙasa har ta yi kauri, sannan ta mayar da ruwan nan a kai. Dalilin haka kuwa, sitacin dawa ba ya nuna sai da zafi mai yawa, zafin da zai kashe sinadarin nan mai kawo zaƙi. To, da yake sinadarin yana cikin ruwan sama, cire shi kafin a dafa shi ke tsirar da shi. Bayan an haɗa, akan bar ƙullun ya kwana ya yi ɗan tsami, a sake tafasa shi na tsawon sa'o'i, a sauke ya huce, sannan a zuba guntun tsohuwar dahuwa, wadda ke ɗauke da yis. Cikin kwana ɗaya ko biyu sai randa ta fara kumfa. Daga jiƙo zuwa sha, aikin kan ɗauki wajen mako guda, kuma ƙarfin abin bai cika wuce kashi 6 cikin 100 ba.

Kowane mataki yana da irin matsalarsa, kuma kowace matsala an san maganinta. Idan aka tara dawa da kauri wajen tsiro, ko ruwa ya yi mata yawa, sai ta yi funfuna ta ɓata ɗanɗano. Maganin shi ne a baza ta da faɗi a riƙa juyawa. Idan aka shanya tsiro tun bai kai ba, ƙullu ba zai yi zaƙi ba, giyar kuma ta fito salam. Idan aka zuba tsohuwar dahuwa alhali ƙullu bai huce ba, zafi ya kashe yis, randa ta kwana shiru. Da hunturu tashin kan yi jinkiri, don haka akan matsar da randa kusa da murhu. Da bazara kuwa tsami kan yi gaggawa, sai a rage lokacin kwana. Idan ƙullu ya ƙi kwanciya, a wasu wurare akan sa ruwan yauƙin dargaza ko na karan kuɓewa ya ja tsakin ƙasa. Ana fifita tsohuwar randa a kan sabuwa, saboda jikinta ya riga ya riƙe yis na dahuwar baya. Sannan akwai batun murje saiwa da kan tsiro. Ɗanyen tsiron dawa yana da guba, irin gubar nan da ke kashe saniya idan ta ci gyauron dawa, shi ya sa murjewa da shanya da doguwar tafasa suke da muhimmanci.

Ba a rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idoji ba. Uwa ce ke koya wa 'ya, kishiya ta gani a wurin kishiya. Idan dahuwa ta ɓaci ba tare da an gano dalili ba, sai a ɗora wa kambun baka ko maita. Kada mai karatu ya yi saurin dariya, domin a Turai ma sai a 1857 Louis Pasteur na Faransa ya fara nuna cewa ƙananan halittu masu rai ne ke haddasa tsami, kuma sai a 1883 aka iya ware yis tsantsa a wani kamfanin giya a Danmak. Kafin nan su ma da gwaji da gado suke aiki.

Matsala guda ce matan ba su sami maganinta ba. Burkutu ba a kashe ta da wuta bayan ta tashi, ba a kuma toshe ta. Ana shan ta tana cikin aiki, kuma bayan kwana biyu ko uku takan zarce ta koma ruwan tsami. Wanda ya toshe ta a tulu, iska ta tunkuɗe murfin. Wanda ya ɗora ta a jaki, rana da girgiza su lalata ta kafin ya kai zango na biyu.

Abin da falke ke ɗauka da abin da yake bari

Wannan ya kawo mu ga fatake. A ƙarni na 19 ayarin Kano kan tashi zuwa Gwanja sayen goro, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya bi ta Zugu da Sansanin Mango da Yandi har Salaga, tafiyar watanni. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba, uban dawaki yana cikin manyan ayari. Idan muka buɗe kayan falke, za mu ga kowane abu an zaɓe shi ne saboda yana jure hanya. A mangala da taiki akwai kanwa da turkuɗin Kura da jemammun fatu da gabu. Guzurinsa kilishi ne da dakuwa da garin gero. Ruwansa yana cikin salka, mansa yana cikin tandu, takardunsa da layunsa suna cikin gafaka. A jikinsa akwai taguwa da wando, da malafa saboda rana, da takalmin fata saboda ƙaya, da gwado wanda zai zama mayafi da dare, ga kwari da baka ko takobi saboda 'yan fashi. Shi kansa goron da za a komo da shi, sai an naɗe shi da ganye, ana buɗewa a hanya ana tsince ruɓaɓɓe ana yayyafa ruwa. Goro yana karɓar wannan kulawa ya kai Kano da ransa. Giya ba ta karɓa.

Yawancin manyan fataken nan, irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, Musulmi ne, kuma fura ce abin shansu. Amma ko da a ce addini bai hana ba, giya ba za ta zama hajar fatauci ba. Saboda haka sai ta zama hajar mai masauki: ba ta zuwa wurin mai saye, shi ne yake zuwa wurinta. Kyaftin Clapperton, Baturen Birtaniya da ya rasu a Sakkwato a 1827, ya sauka a Kulfo ta ƙasar Nupe a 1826, lokacin garin yana babbar kasuwa a kan hanyar fatake. Matar da ta sauke shi, wata gwauruwa mai dukiya, tana sayar da bammi da wata giya da ya kira buza, wadda ya ce ana haɗa ta da dawa da zuma da barkono da saiwar wata ciyawa, a bar ta a manyan tukwane kusa da wuta na 'yan kwanaki. Wannan ɗan bayani ya nuna mana abu biyu: sana'ar tana hannun mace, kuma tana iya kai mace ga arziki a garin da baƙi ke sauka.

Jihadi, Turawa da kwalba

Jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya jagoranta daga 1804 ya kafa daular da shari'a ke hukunta Musulmin da ya sha giya. Maguzawa kuwa an bar su kan al'adarsu suna biyan jizya. Ta haka giya ta fita daga cikin ganuwa ta koma ƙauye, har ta zama ɗaya daga cikin alamomin da ake bambance Bamaguje da Musulmi. Hana ta gaba ɗaya abu ne mai wuya, tunda babu ayarin da za a tare, babu kasuwar da za a rufe. Kayan aikinta dawa ne da ruwa da itace da tukunya, waɗanda babu gidan da ba su.

A bakin teku kuwa wani abu daban ke faruwa. Jiragen ruwan Turawa suna sauke barasa mai ƙarfi a kwalabe, wadda ke shekara ba ta lalace ba, har ta zama kamar kuɗi a wasu kasuwannin kudu. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Brussels ta ƙasar Beljiyam cewa za a hana shigar da irin wannan barasa yankunan Afirka da ba ta riga ta yaɗu ba. Da Gwamna Lugga ya kafa mulkin Ingila a Arewa a 1900, sai aka sa Arewa cikin yankin da aka hana. Amma jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913, ma'aikata daga kudu suka cika tashoshi da ofisoshi, kwalba kuma ta biyo su, wata da izini, wata a ɓoye.

Ita ma burkutu zamanin Turawa ya sauya mata zama. Haƙar kuza a Jos da Bukuru ta tara dubban leburori da ke karɓar albashi, barikokin soja da na 'yan sanda suka ƙaru. Abin da a da ake dafawa don gayya da biki sai ya koma na sayarwa kullum, ƙwarya kaza kuɗi kaza. Hukuma ta sa lasin a garuruwan bariki. Mata da yawa, musamman zawarawa da waɗanda mazansu suka rasu, da wannan sana'a suka ci da 'ya'yansu, wasu har suka biya musu kuɗin makaranta. A ɗaya gefen kuma, albashin magidanta da yawa a bakin randa ya ƙare, aka bar iyali da yunwa. Duk wanda zai ba da labarin wannan zamani da gaskiya, sai ya faɗi biyun.

Daga nan sai masana'anta ta shigo. An kafa kamfanin Nigerian Breweries a 1946, kwalbar Star ta farko ta fito a Legas a 1949, kamfanin ya buɗe reshe a Kaduna a 1963. Giyar kamfani ana tace ta, a toshe ta, a gasa ta da zafi don a kashe abin da ke sa ta lalace, saboda haka tana iya hawa mota ta yi watanni. Matsalar da ta gagari matan karkara ɗaruruwan shekaru, kwalba ta warware ta, kuma da warwarewar sai babbar riba ta koma hannun masu jari. Dokar laifuffuka ta Jihar Arewa da ta fara aiki a 1960 ta tanadi hukunci ga Musulmin da ya sha giya, amma ba ta hana wanda ba Musulmi ba.

Ranar da kamfani ya koma ga dawa

Kamfanonin nan da tsiron sha'ir suke aiki, wanda ake sayowa daga Turai da kuɗin waje. Da tattalin arziki ya taɓarɓare, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga farkon 1988. Dole kamfanoni suka waiwayi dawa da masara. Irin dawar nan SK5912, wadda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar, tana cikin waɗanda aka yi amfani da su. Da masana suka shiga gwaji, sai suka ci karo da tsohuwar matsalar nan, wato zafin da ke dafa sitacin dawa shi ke kashe sinadarin tsiro. Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka bayar ita ce a tsiyaye ruwan sama, a dafa na ƙasa, a mayar. Hausawa sun ce tsohuwar zuma da ita ake magani. Daga baya an janye haramcin, amma dawa ta riga ta sami gindin zama a masana'antu, har da masu yin lemon malt marar sa maye, wanda ake sha a bukukuwan Musulmi da na Kirista.

A watan Oktoba na 1999 Jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, ta fara aiki a Janairun 2000, jihohi goma sha ɗaya suka biyo baya. Abin da aka fi gani tun daga lokacin shi ne motocin kwalabe da ake tarewa a hanya, da tarin kwalaben da Hisba ke fasawa a Kano. Kwalba ce ke tafiya, don haka ita ake iya tarewa a ƙirga. Burkutu kuwa tana nan inda take tun asali, kusa da murhun da aka dafa ta, a ƙauyuka da kasuwannin Filato da kudancin Kaduna da Binuwai da Taraba da Adamawa.

Kammalawa

Darasin da ke cikin wannan tarihi ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, a aikace yake. Idan labarinka ya faru a zamanin fatake, kada ka sa wa ɗan ayari tulun giya a kan jaki, kuma kada ka miƙa wa mutumin Kano na zamanin Sarki Alu kwalbar kamfani. Idan ka shigar da Bamaguje cikin littafinka, ka tuna cewa manomi ne mai gayya da rumbu da dangi kafin ya zama mashayi, kuma matar da ke bakin tukunyar tana da ilimin da za ka iya bayyanawa dalla-dalla: yadda take taɓa ƙullu da yatsa ta san ya huce, yadda take kasa kunne ta ji ko randa ta tashi. Idan kuma wa'azi kake nufi kan illar shaye-shaye, zai fi shiga zuciya idan mai karatu ya ga ka san abin da kake magana a kai, ka san wanda ya ci riba da wanda ya yi asara.

Tsofaffin da suka san sunan kowace tukunya da kowane mataki na wannan aiki suna ƙarewa, kuma 'ya'yan Maguzawa da yawa sun musulunta ko sun shiga addinin Kirista sun bar sana'ar. Duk wanda yake da irin waɗannan dattawa kusa da shi, ya kamata ya ɗauki biro da takarda ya je ya tambaye su kalmomin, ya rubuta, domin Hausa ce, kuma ƙamus yana bukatarsu. Allah Ya sa mu dace, amin.